Farin Abu a Gonar Lemo

A unguwar Bukan Sidi da ke garin Lafiya, an yi wata yarinya mai suna Sailuba. Tana aji biyar a firamare. Allah ya yi mata baki. In ta fara ba da labari, har manya sukan dakata su saurara.

Wata Asabar da damina, maƙwabcinsu Alhaji Na'Allah ya dawo daga Kano da bidiyo. A lokacin ba kowa ya taɓa ganin bidiyo ba. Bayan azahar ya aika aka kira maƙwabta su zo kallo.

Falo ya cika maƙil. Manya a kujeru, yara a ƙasa. Sailuba ta samu wuri a gaba, dab da talabijin. Aka saki labule, ɗaki ya yi duhu. Alhaji ya tura kaset.

Da farko sai baƙin sarari, da taurari kamar an watsa gero. Can sai ga wani jirgi ya ɓullo. Ba shi da fiffike. Ya fi kasuwar Lafiya girma. Ba ya ƙara irin ta jirgi, sai wani gurnani da mutum yake ji a cikin ƙirjinsa.

Jirgin ya nufo su gadan-gadan. Baballe tela ya sunkuya har hularsa ta faɗi.

Goggo Dijatu, tsohuwar gidan, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "A'uzu billahi! Alhaji, kashe abin nan kafin su shigo mana ɗaki!"

Patrick makaniki ya yi dariya. Ya ce, "Goggo, ba gaske ba ne. Wayon kamara ne kawai."

Amma da ƙofar jirgin ta buɗe, shi ma Patrick ya daina dariya. Hayaƙi ya fito. A cikin hayaƙin wasu halittu suka sauko a hankali. Farare ne fat. Fuskarsu gilashi ce. Kowanne da tulu a bayansa. Ba sa magana, sai numfashi. Fuuu. Haaa. Fuuu. Haaa.

 Sailuba kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da fim ya ƙare aka ɗaga labule. Mutane suka fita. A ƙofar gida kowa ya ɗaga kai ya dubi sama tukuna, sannan ya kama hanya.

Ranar Litinin da aka fita tara, yara suka kewaye Sailuba a gindin mangwaro. Ta ba su labarin jirgin. Ta kwaikwayi numfashin. Ƙawarta Ngunan, wadda suke zama benci ɗaya, ta riƙe mata hannu don tsoro. Daɗi ya kama Sailuba.

Sai wani yaro mai suna Ya'akubu ya taɓe baki. Ya ce, "To sai me? Ai fim ne. Babu irin wannan a duniya."

Yara suka fara watsewa. Abin ya yi wa Sailuba ciwo. Kafin ta yi tunani, baki ya riga ta.

Ta ce, "Akwai su mana! Ni na ga ɗaya da idona."

Kowa ya juyo.

"A ina?"

Ta nuna bayan makaranta. "A gonar lemon can. Jiya. Yana tsaye a cikin itatuwa, yana neman yara."

"Rantse!" in ji Ya'akubu.

Ba ta rantse ba. Ta dai ce, "In ba ka yarda ba, bi ta can kai kaɗai."



Kafin Laraba, labari ya gama makaranta. Wani ya ce abin ya tsotse jinin akuya. Wata ta ce an ga sawunsa a hanyar Agyaragu. 'Yan aji ɗaya suka daina zuwa bayan gida su kaɗai. Ƙanin Sailuba, Ɗanliti, ya ƙi cin tuwo. Manyan yara maza kuwa suka fara cika aljihu da duwatsu.

Sailuba tana ji tana gani. Wani lokaci takan so ta ce wasa take yi. Amma yanzu duk inda ta bi nuna ta ake yi, ana cewa, "Ga wadda ta gan shi." Sai ta fasa faɗa.

Ranar Alhamis aka yi ruwa da safe. Da aka tashi daga makaranta, hanyar gari ta cika da taɓo. Dole yara suka bi ta gefen gonar lemo. Suka haɗu wuri ɗaya, sun kai ashirin, suna tafiya a takure.

Gari ya yi luf. Rana ba ta fito ba. Wani farin tururi yana kwance a ƙarƙashin itatuwa. Ko tsuntsu ba ya kuka.

Ɗanliti ya ja rigar Sailuba. Ya ce, "Yaya, kin ji?"

Ta ji. Daga cikin gonar ne.

Fuuu. Haaa. Fuuu. Haaa.

Yara suka tsaya cik. Ganye ya motsa. Sai ga shi ya fito daga bayan wata bishiya. Fari fat, daga sama har ƙasa. Fuskarsa gilashi. Ga tulu a bayansa. A hannunsa akwai wani dogon ƙarfe mai fitar da hayaƙi.

 Sailuba ta san ƙarya ta yi. To wannan kuma daga ina? A ranta ta ce, "Ni na kira shi. Bakina ne ya kira shi."

Abin ya juyo ya dube su. Ya ɗaga hannu ɗaya. Ya fara takowa wajensu.

Ya'akubu ya yi ihu, "Ku jefe shi!"

Duwatsu suka tashi kamar ruwan sama. Ɗaya ya sami gilashin. Tas! Abin ya yi tangaɗi, ya durƙusa. Ya kai hannu ya cire fuskar gilashin ya yar.

Ashe fuskar mutum ce a ciki. Jini yana zuba daga girarsa.

Ngunan ta ƙwala ƙara. "Baba na ne! Ku bari! Baba na ne!"

Malam Iorkyaa ne, malamin gona. Ran nan aka ba shi sababbin kayan feshi daga ofis, ko 'yarsa ba ta taɓa ganinsa a ciki ba. Yana fesa wa lemo maganin ƙwari ne. Hannun da ya ɗaga kuwa, so yake ya ce musu su matsa, kada su shaƙi maganin.

Malamai suka rugo. Aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Aka yi masa ɗinki biyar. Likita ya ce saura kaɗan gilashin ya shiga idonsa.

Hedimasta ya ce gobe za a kori Ya'akubu da sauran waɗanda suka yi jifa. Ba wanda ya ambaci Sailuba.

Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Mamanta Rekiya tana ɓare gyaɗa a tsakar gida. Ta dube ta, ta ce, "Zo nan. Me ke damun ki?"

Sailuba ta fashe da kuka. Ta faɗi komai.

Mama ta ajiye tiren gyaɗa. Ta ce, "Kin yi jifa?"

"A'a, Mama. Ko ɗaya ban jefa ba."

"Amma wa ya sa duwatsun a aljihun yaran?"

Sailuba ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni ce."

"To kin gani. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Yanzu me za ki yi?"

"Mama, in na faɗa kowa zai ce mini maƙaryaciya."

"Za su faɗa, na kwana biyu. In kuma kin yi shiru, Ya'akubu zai bar makaranta. Zaɓi ɗaya."

Washegari aka taru a fili. Hedimasta ya kira Ya'akubu da yara huɗu suka fito gaba. Sai Sailuba ta ɗaga hannu. 

Ta ce, "Malam, ina da magana."

"Fito."

Ta tsaya a gaban makaranta duka. Ta ce, "Ban taɓa ganin komai a gonar lemo ba. A fim na gani. Ƙarya na yi don a saurare ni. Ku yafe mini."

 Hedimasta ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "Kin yi laifi babba. Su ma sun yi, don ba a jifan abin da ba a sani ba. Ba zan kori kowa ba. Amma ku shida za ku yi mako biyu kuna taya Malam Iorkyaa nome gonar nan."

Da la'asar Mama ta raka ta gidan su Ngunan, da kwanon kunun gyaɗa. Ngunan ta buɗe ƙofa, ta kau da kai. Malam Iorkyaa yana zaune a tabarma, da filasta a gira.

Sailuba ta durƙusa. Ta ce, "Baba, ni ce na jawo maka. Ka yi haƙuri."

Ya dube ta da ido ɗaya. Ya ce, "To, ke ce mai labari? An ce na sha jinin akuya." Ya yi dariya har ya dafe ciwon. "Ya wuce, 'yata. Tashi."

Ya sa Ngunan ta ɗauko abin rufe fuskar, gilashinsa a tsage. Ya ɗora wa Sailuba a kai. Yana warin roba. Ta ja numfashi. Fuuu. Haaa. Ngunan ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa. Ta tuntsire da dariya, Sailuba ma ta kama.

Su shidan suka yi mako biyu suna noma. Hannun Sailuba ya yi kanta. Da lemo ya nuna, Malam Iorkyaa ya kawo kwando guda makaranta, kowane yaro ya samu.

Sailuba ba ta daina ba da labari ba. Amma tun daga ranar, kafin ta fara takan ce, "Wannan ƙirƙira ce," ko kuma, "Wannan ya faru da gaske."

Yara, labari abu ne mai daɗi. Amma kada ku sayar da ƙarya da sunan gaskiya don a saurare ku. Tsoron da kuka shuka da baki, wani ne zai ji ciwonsa a jiki. In kuma kun yi kuskure, ku fito ku faɗa tun kafin a hukunta wani a madadinku.