Hoton Saudat

Ku masu jami'a, ku dawo mini da jikata Saudat. Shafinku na intanet ya yi ta ƙin karɓar hotonta, ba dalili, ba wanda za a tambaya, ga shi washegari za ku rufe rajista.

Bayan isha'i na ja ta zuwa wani kafe, shagon intanet, a Sharada. Ba wuta, janareta a kashe, amma kwamfuta ɗaya tana haske. Mutumin da ke gaban kwamfutar yana warin ɗanyar fata. Ya ce, "Hajiya, kawo hoton. Ni shafin ba ya yi mini gardama."

Nan take shafin ya karɓa. Ya miƙo mini hoton, sai na ga farar takarda, ba fuska. Na waiwaya na kira Saudat.

Daga cikin kwamfutar ta amsa, "Na'am, Iya."