Baƙon da Sauro Ke Gudu

Bayan isha'i ruwa ya tsare Badaru a shagonsa na cajin waya, a bakin hanyar Zakirai. Ƙofa ɗaya ce da shagon, ba taga. Yana kallon fim ɗin masu shan jini a waya, irin na yanzu da ba su da fiƙa, sai kwat da fara'a, kuma ba sa shiga ɗaki sai an ce su shigo.

"Malam, in fake?" in ji wata murya daga waje.

Wa zai bar baƙo cikin ruwa? "Shigo mana," Badaru ya amsa, ko kai bai ɗaga ba.

Baƙon ya zauna a bakin ƙofa. Farar shaddarsa a bushe take ƙayau. Sauro suka watse daga wajensa, suka dawo kan Badaru kaɗai.

Mutumin ya leƙa wayar, ya yi murmushi. "Masu fim sun fara hankali. Zancen ƙofar nan gaskiya ne." Ya miƙa hannu, ya tura ƙyauren a hankali.

Sai a lokacin Badaru ya tuna cewa baƙon bai yi sallama ba. Izini kawai ya nema, kuma shi da bakinsa ya ba shi.