Keken Hajiya Rahmatu

Yammacin da abin ya fara, Munzali ya ajiye motar aiki a ƙofar gidansu da ke Al Wukair, ya shiga yana cire takalmi, ƙamshin miyar kuka na tarbarsa daga kicin. Matarsa Talatu tana tuƙa tuwon semo, 'yarsu Muhsina, mai shekara goma sha huɗu, tana zaune a kan dadduma tana jiran a kira magariba. Garin duk ya cika da tutoci da baƙin gasar ƙwallon duniya, amma layinsu shiru yake kamar kullum.

Ladan bai ƙarasa kiran salla ba suka ji tsakuwa ta faɗo a kan rufin motar. Wata ta biyo baya, wata kuma ta bugi tagar falo. Munzali ya leƙa, bai ga kowa ba. Abin da ya gani shi ne ƙofar bayan motar a buɗe, gadar ƙarfen da ake tura keken marasa lafiya a kanta ta sauko har ƙasa, alhali mukulli na aljihunsa. Ya rufe ya dawo, ya ce wa Talatu lantarkin motar ne ya soma tsufa.

Aikin Munzali shi ne kula da direbobin wani kamfani mai jigilar marasa lafiyar da ba sa iya tafiya, daga gida zuwa asibiti, asusun lafiya na gwamnati kuma ya biya kamfanin kuɗin kowace tafiya. Akwai wata tsohuwa a Al Rayyan, Hajiya Rahmatu, wadda kakanninta suka taso daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji ba su koma ba. Hausarta ta gauraye da Larabci, amma tana son ta ji ana yi mata. Saboda haka Munzali da kansa yake kai ta wankin ƙoda, tana ce masa ɗana, tana cusa masa dabino a aljihu. Korona ta ɗauke ta a bara, aka binne ta babu taro. Da ya kai wa manaja labari, manaja ya ce a bar sunanta yadda yake, kamfani na cikin matsi, kuma tun da na'urar motar tana nuna inda aka bi, sai a ci gaba da bin hanyar. Ya tuna masa cewa takardar zaman matarsa da 'yarsa a hannun kafil take, wato mai kamfanin da ya tsaya musu. Tun daga nan, duk ranar wankin ƙodarta, Munzali yakan je ƙofar gidan, ya sauke gadar, ya sake ɗaga ta ba kowa a kai, ya danna sunanta a waya, ya tuƙa keken da babu kowa a kai har asibiti ya dawo. Bai taɓa gaya wa Talatu ba.

Washegari da magariba jifan ya dawo, da wani abu kuma da ya fi shi nauyi. Sun ji ƙarar taya tana birgima a hankali a kan tayil, daga ƙofar shigowa, ta wuce falo, ta tsaya daidai ɗakin Muhsina. Talatu ta riƙe hannun mijinta.

“Baban Muhsina, wa ke tura keke a gidan nan?”

Suka tura ƙofar, suka sami yarinyar zaune a bakin gado, hannayenta bisa gwiwoyi, kanta a sunkuye. Uwar ta ce ta tashi ta yi alwala. Ta yunƙura, ƙafafun suka ƙi.

Aka kai ta asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Da rana takan ci abinci, takan yi hira kaɗan, amma ƙafafun kamar ba nata ba. Da zarar rana ta yi ja, sai ta juya fuska wajen titi, ta ce da wata murya mai kauri, a shaƙe, “Mota ta zo. Yalla, a kai ni.” Talatu ta daina barci, ta rame, karatun Ƙur'ani ba ya yankewa a wayarta. Munzali kuwa yakan fita aiki da safe ya dawo da yamma, ba ya iya cin abinci.

Talatu ce ta nemo Malam Gafaru, wani dattijo ɗan Katsina mai koyar da Larabci, wanda 'yan gida suka san shi da ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar da gorar ruwa ɗaya, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya sa uwar ta rufa mata mayafi. Bai yi gaggawa ba. Ya karanta a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har hasken taga ya dusashe. Can nesa ana jin ihun 'yan kallo daga wani gidan shayi, an ci ƙwallo. A cikin ɗakin kuwa ko numfashi mai ƙarfi babu.

Sai yarinyar ta ɗago kai. Ba kuwwa ta yi ba, kuka ta fara, kukan tsoho wanda ya gaji.

“Ya isa, Malam. Ni ma Musulmi ne.”

“To bawan Allah, me ya kawo ka jikin yarinyar da ba ta yi maka komai ba?”

“Ba ni da wurin zuwa. A magaryar gidan Rahmatu nake tun tana amarya. Kullum da hantsi tana karatu a gindinta ina saurare. Ta san ina nan, ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba sai ta yi bisimilla. Da ta rasu na zauna ina gadin gidan. Bana magada suka sare bishiyar, suka yanka gidan ɗaki-ɗaki don baƙin ƙwallo. Ina tsaye a rana sai ga mota ta zo da sunanta, an sauke mata gada. Na ce ashe ba ta mutu ba, ashe ƙarya aka yi mini. Na shiga.”

Malam Gafaru ya dubi Munzali. Munzali ya dubi ƙasa.

“Na bi shi asibiti, ba ta can,” in ji muryar. “Na bi shi gida, ba ta nan. Kullum yana kiran sunanta, kullum ina bi. Na ga wani tsoho a Abu Hamour zaune a kekensa a bakin titi, rana na dukansa, an ce masa motoci duk sun fita. Mu kuma muka wuce shi, ni da keke babu kowa. Ku tambayi mai motar ina ya kai ta.”

Talatu ta saki mayafin da take riƙe da shi. Ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta ce a hankali, “Da wannan muke cin abinci?”

Hawaye suka zubo wa Munzali.

Malam ya juya ga yarinyar. “Rahmatu ta rasu, bawan Allah. Tana kabarinta, Allah Ya ji ƙanta. Abin da aka yi da sunanta zalunci ne, amma zamanka a nan shi ma zalunci ne. Ka fita.”

“Zan fita in ya bar ta ta kwanta. Kuma a ba ni keken, ƙamshinta na jikinsa.”

“Keken ba nasa ba ne balle ya ba ka, na masu rai ne da ke jira. Sharaɗinka na farko kuwa, ga shi nan, ya faɗa da bakinsa.”

Munzali ya san abin da maganar za ta ci masa. Ya dubi ƙafafun 'yarsa, sirara, a miƙe kamar itace. Ya ce, “Wallahi ba zan ƙara ɗaukar sunanta ba. Gobe zan je in faɗa wa hukuma.”

“Khalas, shi ke nan,” in ji muryar, da ƙyar. “Malam, ina zan nufa?”

“Ƙasar Allah da faɗi. Bi sahara ta kudu, akwai bishiyoyin da ba mai sarewa.”

Babban yatsan ƙafar hagun Muhsina ya yi rawa, ya tsaya. Ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, “Umma, ƙishirwa nake ji.”

Munzali ya cika alkawari. Aka rufe ofishin kamfanin, aka tsare manaja, shi kuma aka hana shi fita ƙasar har sai an gama shari'a, domin hannunsa ne ya danna sunan. Da ya tambayi labarin tsohon Abu Hamour, aka ce masa 'ya'yansa sun mayar da shi ƙasarsu, ba wanda ya san halin da yake ciki. Takardar zaman Talatu da Muhsina ta mutu tare da aikin. Ya raka su filin jirgi a makon da gasar ta ƙare, cikin cunkoson baƙi masu komawa gida suna waƙa. Talatu ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce masa dai ya riƙa cin abinci.

Yanzu yana kwana a ɗakin wasu masu gadi 'yan Gusau da suka ba shi katifa. Ranar Juma'a Muhsina takan kira shi daga Funtuwa. A kiran ƙarshe ta ce masa ta taka da ƙafarta har makaranta ta dawo, ba ta huta a hanya ba.

“Baba, yaushe za ka zo?”

“Sai alƙali ya ce, uwata,” in ji shi. “Ƙara gaya mini, har ina kika taka?”