Yadda Kwarin Sarkin Yaƙi Ya Koma Kafaɗar Ungozoma

A shekarar farko ta sarautar ƙaramin Sarki, wanda ya hau gado gemunsa bai gama fitowa ba, a ƙarshen bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya kowa ya zuba wa gabas ido yana jiran hadari, aka yi abin da zan ba da labarinsa. Tsohon Sarki ya rasu, ya bar ɗa, ya bar ƙane. Masu zaɓen sarki suka ɗauki ɗan. Ƙanen ya ce ba da shi ba, ya fita ya tara dakaru, ya dawo ya kewaye birnin, ya toshe duk hanyar da ayari ke bi. Baffa a waje, ɗa a ciki, talakawa kuwa a tsakani, inda aka saba barinsu.

Mutumin da birnin ya jingina da shi a wannan lokaci shi ne Sarkin Yaƙi. Tsoho ne dogo mai kaushin murya, ya yi wa uban Sarki yaƙi, ya yi wa kakansa. Ba a taɓa ganin haƙorinsa a fada ba. A gida kuwa yana da 'ya ɗaya tilo, yana kiranta Uwata domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Uwar yarinyar ta rasu ranar da ta haife ta, jini ya ɓalle mata, shi kuma yana can bakin daga. Bai sake aure ba. Shi ya raini abarsa, har kitso ya koya saboda ita, irin kitson da matan maƙwabta ke kwancewa a ɓoye su sake, su bar shi yana yabon hannunsa.

Yarinyar ta girma ta auri wani bafatake. Mijin yana cikin ayarin da ya yi arewa kafin rikici, aka rufe hanya yana waje. Sai ta dawo gidan ubanta da tsohon ciki.

Wannan ayari shi ke kawo wa birnin ɗaure-jini. Wani ƙaro ne ja, na itacen da ba ya fitowa a ƙasar. Ana daka shi a jiƙa a ruwan ɗumi a sha, sai jinin da ya ƙi tsayawa ya tsaya da izinin Allah. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sha shi da wuri. In jiki ya riga ya yi sanyi, ko tulu guda aka ɗura wa mutum aikin banza ne. Wanzamai na ajiye shi domin masu rauni, ungozomomi na ajiye shi domin masu haihuwa, kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa jin sun yi faɗa a kansa ba.

Da zaman ƙawanya ya yi tsawo, maganin ya soma ƙaranci. Sarkin Yaƙi da bakinsa ya tashi a fada ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a tattara ɗaure-jini duka a hannun Ma'aji. Kada a ba kowa sai wanda ya zubar da jini a yaƙi."

Sarki ya amince, aka yi shela. Dogarai suka bi gida gida, har ɗan ƙullin da ke bakin zanen tsohuwar ungozomar birnin sai da suka kwance. Ba a jima ba matar maƙerin da ke kusa da ƙofar yamma ta haihu, jini ya ɓalle. Maƙerin ya zo ƙofar fada ya durƙusa, aka ce masa doka ta hana. Ya koma ya binne matarsa, gari ya waye ya hura wuta ya ci gaba da ƙera bakin kibau. Da labari ya kai kunnen Sarkin Yaƙi sai ya ce, "Ba ni na kashe ta ba, baffan Sarki ne." Ba zan ce mugu ne ba. Mutum ne da ya saba ƙirga masu riƙe garkuwa, ya manta da inda ake samo su.

Rannan da sassafe dakarun waje suka afka wa ƙofar yamma da tsani da wuta. Aka gwabza har hantsi kafin a kora su. A ƙarshen karon mashi ya sami Sarkin Yaƙi a cinya, ya yanke babbar jijiya. Wanzami ya ɗaure saman raunin da tsirkiyar baka, aka kwantar da shi a zauren ƙofa, amma jini bai daina tsattsafowa ba. Sarki da kansa ya zo ya tsaya a kansa. Ma'aji ya iso da ɗan ƙulli a tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, shi ke nan abin da ya rage. Na kakkaɓe tukunyar har gindi."

"A jiƙa masa yanzu," in ji Sarki.

Ana neman ruwan ɗumi sai ga hayaniya a bakin zaure. Tsohuwar ungozoma ce ke ture dogarai, zanenta a ɗaure sama da gwiwa, hannuwanta ja har gwiwar hannu. Ta zube gaban Sarki don ladabi, amma fuskarta na wajen mai rauni.

"Sarkin Yaƙi, 'yarka ta sauka. Mace aka samu, lafiya lau. Mabiyiya ma ta fita. Amma jini ya ƙi tsayawa. Na murza mara, na sa jaririya a nono, na yi duk abin da na sani. Yadda uwarta ta yi, haka take yi. Ni na karɓe ta a hannun nan ranar, na san abin da nake gani."

Kowa ya san ƙulli ɗaya ne, kowa kuma ya san wanda ya kawo dokar.

Sarkin Yaƙi ya yunƙura ya jingina da bango. Ya daɗe yana duban ƙullin nan a hannun Ma'aji. Sa'an nan ya ce, "Ma'aji, maimaita mini dokar. Na tsufa, ina mantuwa."

"Kada a ba kowa sai wanda ya zubar da jini a yaƙi."

"An faɗi wane yaƙi?"

"Ba a faɗa ba."

Ya juya ga Sarki. "Allah ya ja zamaninka, tun muna yara muke jin tsofaffi na cewa haihuwa yaƙin mata. Na ɗauka magana ce ta lallashin masu naƙuda. Na yi yaƙi tun ba a haifi mahaifinka ba, kullum da garkuwa a hannuna da mutane a bayana. Ita yarinyar nan ta shiga nata ba sulke, ba garkuwa, ba wanda zai karɓe ta in ta gaji. Dokarka ta hau kanta daidai. Ni ne na karanta ta a karkace."

Sarki yaro ne, amma ba wawa ba ne. Ya ce, "Baba, na ji. To in ka faɗi, wa zai riƙe mini ganuwa?"

"Ganuwar me take tsarewa, ranka ya daɗe, in ba ɗakunan da ake haihuwa a ciki ba? Akwai samarin da na koyar, za su riƙe. Ni dai na sha rabona na maganin nan tun ina saurayi, dubi jikina duk ɗinki ne. A bar wa sabon mayaƙi."

Idon Sarki ya ciko. Ya kau da kai ya ce wa Ma'aji, "Ba ta."

Ungozoma ta miƙa hannu, sai ta ga jinin da ke kai, ta rasa inda za ta riƙe. Sarkin Yaƙi ya jawo kwarinsa na jar fata, wanda duk birnin ya sani, ya zazzage kibau a ƙasa, ya jefa ƙullin a ciki, ya rataya mata a kafaɗa.

"Duk dogarin da ya ga wannan zai ba ki hanya. Na naɗa ki. Yi gudu, tsohuwa."

"Wa kake kira tsohuwa? Na girme ka ne?" in ji ta, ta riga ta kai bakin ƙofa.

Ya roƙi a kai shi gida. Aka cire ƙyauren wata rumfa aka ɗora shi a kai. Cikin waɗanda suka kama har da maƙerin nan, domin maƙerarsa na jikin ƙofar kuma ba wanda ya kai shi ƙarfin dantse. Ya kama wajen kai har suka isa.

Suka ajiye shi a ƙofar ɗakin 'yarsa, bayan labule, inda inuwar katanga ta faɗo. Daga ciki ana jin ƙarar turmi ƙarami, sa'an nan motsin ludayi a ƙoƙo. Ya gyara murya.

"Uwata."

"Baba, kai ne?" Muryar ta fito siririya. "Me ya sami muryarka?"

"Tun asuba nake yi wa mutanen baffan Sarki tsawa, dole ta dushe. An ce mini kin fita yaƙi ba ki nemi izinina ba."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. "Baba, ina jin sanyi."

"Yanzu zai wuce. Karɓi abin da inna za ta ba ki. Da ɗaci, na sani. Kada ki yi mini irin ta da, ki ɓoye a kumatu ki je bayan ɗaki ki tofar."

Aka miƙa mata ƙoƙon. Can ta ce, "Wannan ɗaure-jini ne. An ce na mayaƙa ne. Rabon wa aka ba ni?"

"Na wani tsohon barde ne. Ya ce ya ƙoshi."

Waɗanda ke tsakar gidan sun ce sun ga labulen ya motsa daga ƙasa, yatsu suka fito suna lalube, har suka sami hannunsa. Ya riƙe su.

"Shanye, Uwata. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Suka ji ta haɗiya, ta tsaya, ta sake haɗiya, har ƙoƙon ya taɓa ƙasa.

Daga nan sai jira. Ungozoma na ciki tana murza mara da tafin hannu ba sassauci, tana canza tsumma, tana yi wa mai jego faɗa kada ta kuskura ta yi barci. Shi kuma yana waje yana ba ta labarin ranar da ta sace masa linzami ta ɗaura wa akuya, da ranar da ta ce kitsonsa ya fi na kowa don kada ransa ya ɓaci. Duk wanda ya san shi a fada da ya gan shi a lokacin nan, da ya rantse ba shi ba ne. Tsirkiyar cinyarsa ta jiƙe, ƙasar da yake zaune a kai ta yi duhu, ya jawo gefen rigarsa ya rufe.

Rana ta ɗan karkata sai ungozoma ta ɗaga labule. Ta share goshi da bayan hannu.

"Ya tsaya. Mahaifa ta ƙulle kamar dunƙulen hannu. Ɗumi ya dawo mata har tafin ƙafa."

Sarkin Yaƙi ya rufe ido ya yi hamdala. Aka fito masa da jaririya a cikin zane, aka ɗora masa a ƙirji, domin hannunsa ɗaya na cikin ɗaki, ɗayan kuma ba ya ɗaguwa. Ya leƙa fuskar.

"Wannan ce ta tayar mana da yaƙi na biyu a rana ɗaya? Ko gashin kirki ba ta da shi. Da na so in yi mata kitso."

"Allah ya tsare ta da kitsonka," in ji 'yar daga ciki, tana dariya tana kuka.

Sa'an nan ya nemi maƙerin da ido. Mutumin na tsugune a gindin katanga.

"Ɗan'uwa, matarka ma a yaƙi ta faɗi, ni na hana ta magani. Ba baffan Sarki ba ne, ni ne. Ka yafe mini in za ka iya."

Maƙerin ya ɗago kai. "Tun ranar nake ƙera maka kibau ina tsine maka a zuciya," in ji shi. "Yau na ɗauko ka, na ji ba ka da nauyin da nake zato. Na yafe. Allah ya yafe mana."

Kafin la'asar ta yi sanyi Sarkin Yaƙi ya cika, jikarsa na barci a ƙirjinsa, hannunsa na ƙarƙashin labule. Ungozoma ta shiga tana neman yadda za ta faɗa, mai jego ta riga ta. "Na sani, inna. Ya daina matse mini yatsu."

Abin da masu riƙe tarihi suka tabbatar shi ne, ganuwa ba ta faɗi ba. Samarin da ya koyar suka riƙe ta har damina ta sauka, ruwa ya cika sansanin baffan Sarki, zazzaɓi ya shiga dakarunsa, suka watse da kansu. Hanya ta buɗe, ayari ya shigo, bafataken ya tarar da matarsa da rai da 'ya a bayanta. Ranar da aka sauke kaya Sarki ya sa aka yi sabuwar shela, cewa duk ɗaure-jinin da ya shigo birnin, awon farko na ungozomomi ne, sai sun ɗiba mayaƙa su ɗiba. Ba a sake karɓe kwarin nan daga hannun tsohuwar ba. A cikinsa take zuba maganinta har ta rasu, daga nan kuma duk ungozomar birnin ta riƙa kiran jakarta kwari.

Na karanta labarin sarakuna da yawa, na ga yadda mai iko ke kafa doka da safe ta kama ƙafarsa da yamma. Galibinsu sukan nemi wata ƙofar su zille, su bar dokar a wuyan talaka. Wannan tsoho bai zille ba, ya tsaya ya biya da abin da yake da shi, ko da yake biyan bai dawo wa maƙeri da matarsa ba, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Yaƙe-yaƙen da ya ci an manta sunayensu, garuruwan da ya ƙone an sake gina su.

Jikar kuwa ta girma, ita ta gaji kwarin. An ce in aka kira ta gidan haihuwa takan rataya shi ta fita da sauri, in wani ya tare ta da gaisuwa a hanya sai ta ce, "Ba ni wuri, ɗan'uwa, ana yaƙi."