Tulun da Ya Ƙi Waƙa

Can a zamanin da, an yi wata tsohuwa mai ginin tukwane a tsakar gidanta. Duk tulun da ta gasa, sai ta ƙwanƙwasa ta saurara. Lafiyayye yakan amsa kamar waƙa, mai ɓoyayyar tsaga kuwa ba ya amsawa.

Ran nan hatsinta ya ƙare, tulu ɗaya ya rage mata. Sai ga matafiyi zai ratsa hamada, yana son saye.

Ta ƙwanƙwasa, ta saurara. Shiru. Ta sake ƙwanƙwasawa, ta saurara. Shiru.

Ta ce, "Ɗana, wannan zai zubar maka da ruwa a hanya. Nemi wani a gaba."

Ya tafi. Ita kuwa ta rataye tulun a reshen tsamiya, ta wuni da yunwa.

Da damina ta sauka, tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki. Tun daga nan, kullum safiya tulun nan waƙa yake mata.