Abin da Zarto Ya Tarar a Cikin Madaci

Iskar da ta zo gaban ruwan farko ce ta kayar da madacin ƙofar gidan Alhaji Ashiru, wajen la'asar. Kafin rahoto ya isa caji ofis, mutanen Unguwar Sarki sun zaro Ila mai wankin hula daga ƙarƙashin rassa. Rai ya riga ya yi halinsa.

Insifekta Rilwanu ya iso tare da Sajan Nazifi. Sun tarar an lulluɓe gawar da zane, huluna a warwatse cikin caɓi. Ila Bakatsine ne, ya daɗe yana sana'arsa a gindin bishiyar, iyalinsa kuma suna Rafin Guza.

Abin da ya ba Insifekta mamaki shi ne ƙarancin mutane a wajen. Da ya tambaya, aka nuna masa ƙarshen layi, inda ake jin ƙarar duwatsu a kan kwano.

Gidan Malam Ja'afaru ne matasa suke jifa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, wanda tun da ya yi ritaya ya koma tattara itatuwan da iska ko masu aikin titi suka kayar, yana yanka su falankai a bayan gidansa. Ba don sayarwa yake yi ba. Matasa na cewa an sha ganinsa yana zagaya madacin da tef ɗin awo, kuma da bakinsa ya ce bishiyar ba za ta ga ƙarshen damina ba.

Dattijon na tsaye a bakin ƙofarsa, jini na zuba a gefen goshinsa. Insifekta ya sa aka janye matasan, sannan ya roƙe shi ya shiga mota su tafi ofis har ƙura ta lafa.

"Ba inda zan je," in ji Malam Ja'afaru. "Idan kama ni za ka yi, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Idan kuma tsare ni ka zo yi, ga ƙofa nan, ka tsaya a bakinta."

Insifekta ya ajiye kurata biyu a ƙofar, ya bi shi ciki.

Rumfar da dattijon ke yankan katako a bayan gidan ta fi yadda ya zata girma. An rufe jikinta da falankan dalbejiya da na mangwaro, wasu da ɓawonsu a gefe. A tsakiya ga injin da dattijon ya haɗa da hannunsa: tsohon injin ban ruwa, da tayoyin mota biyu da dogon zarto ke zagayawa a kansu.

"Baba, ka auna bishiyar nan?"

"Na auna ta."

"Don me?"

"Don ina son icenta. Ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ban taɓa sa wa bishiya ƙarfe tana tsaye ba. Wadda ta faɗi nake ɗauka."

Ya ce tun bara ya lura ganyenta na zuba ba a lokacinsa ba, ɓawo kuma na saɓulewa. Ya gaya wa mai unguwa, aka ce kwaɗayin katako ne ke sa shi magana. Ya gaya wa Ila ya matsa gaba, Ila ya ce masu kawo masa hula nan suka san shi.

Washegari da safe, bayan an yi jana'iza, Insifekta ya tsuguna a ramin da bishiyar ta bari. Babu alamar zarto ko gatari. Saiwoyin ne suka ruɓe, yana murza su suna marmashewa. Sauran madatan layin kuwa kore shar. Wannan kaɗai ce aka shafa wa farin fenti daga ƙasa zuwa kusan ƙugun mutum.

Alhaji Ashiru, ɗan kasuwar da bishiyar ke gaban katangarsa, ya fito da kansa ya kawo musu kujeru. Ya ce ya yi kuka da mutuwar Ila, domin shi ke wanke masa huluna.

"Wa ya yi mata fenti, Alhaji?"

"Ina jin samarin unguwa ne, lokacin tsaftar muhalli. Ni dai na fito na gani."

"Ita kaɗai suka shafa a duk layin?"

"Wannan kuma sai su, yallaɓai."

Daga nan ya rage murya, ya ce ba ya son ya ɗora wa kowa laifi, amma kowa ya san mutum ɗaya ne a unguwar ke murna idan bishiya ta faɗi. Ya ƙara da cewa ya kira masu faskare, kafin azahar za su mayar da gungumen itacen girki a share hanya.

Insifekta ya ce duk wanda ya taɓa gungumen zai kwana a bayan kanta. Ya sa aka zagaye shi da igiya.

A tsallaken titi akwai Kande mai abinci, wadda rumfarta ke kallon bishiyar. Ta ce ba ta san wanda ya yi fentin ba, ita tukwanenta take kallo. Tana magana tana goge faranti ɗaya da ta riga ta goge, idonta na komawa kan ƙofar gidan Alhaji.

Shugaban samarin unguwar ya rantse ba su taɓa shafa wa wata bishiya fenti ba.

Da Insifekta ya koma wurin Malam Ja'afaru, dattijon ya ce idan ana son sanin abin da ya kashe bishiya, cikinta ake dubawa. A kawo masa gindin ya buɗe shi.

Mai unguwa ya ƙi. Ya ce ba a taɓa miƙa wa wanda ake zargi shaida ya yanka da hannunsa ba. Sajan Nazifi ma ya ja Insifekta gefe, ya ce idan abin ya lalace, su za a tuhuma a ofis.

Malam Ja'afaru ya ji su. Ya ce shi ma yana da sharaɗi: ba zai yanka a ɓoye ba. A buɗe ƙofar gidansa duka, duk wanda ya jefe shi jiya ya shigo ya tsaya a gaba.

Insifekta ya amince.

Aka datse gindin, aka jawo shi da sarƙa a bayan wata motar ɗaukar kaya. Tsakar gidan ya cika har kan katanga. Dattijon ya ɗaure goshinsa da ƙyalle, ya tayar da injin, ya shiga tura zarton a hankali. Falanki na farko ya fita lafiya, ja kamar yadda madaci yake. Na biyu ya fito da baƙin tabo a tsakiya.

Ana cikin na uku zarton ya yi wata irin ƙara, wuta ta yi tartsatsi, ya tsinke. Mutane suka ja da baya.

Malam Ja'afaru ya kashe injin, ya ɗauko kurfi da guduma ya tsaga wurin. Ramuka ne a jere, an huda su sun gangara zuwa saiwa, an toshe bakin kowanne da siminti, fenti ya rufe su ta waje. Icen da ke kewaye da su ya yi baƙi, yana warin maganin kashe ciyawa. A cikin ɗaya akwai karyayyen bakin injin huda, tsawon ɗan yatsa.

Wani daga bayan taro ya ce ai mai zarton ma zai iya yin haka.

Dattijon ya ɗaga falankin, ya danna yatsa a baƙin wurin, ya nutse.

"Dube shi da kyau. Ko kujerar tsuguno ba za ta fita a nan ba. Wanda ya yi wannan ba katako yake so ba, fili yake so."



Insifekta ya hango Kande a bakin ƙofa, ta rufe baki da mayafi. Ya bi ta har rumfarta, ya ajiye guntun simintin da ya ɗauko a kan teburinta.

"Iya, kin san matar Ila?"

Ta gyaɗa kai.

"Tana can tana jiran a gaya mata ko iska ce ta kashe mijinta."

Kande ta zauna a kan benci. Ta ce bara ne, da babbar sallah, lokacin da Ila ya tafi gida Katsina kuma layin ya yi tsit. Ta zo ɗaukar tukunya ta ga Isa birkila a tsugune yana huda gindin, Alhaji na tsaye a kansa da galan. Da Alhaji ya gan ta, ya ce shaguna zai gina a wurin, na farko nata ne, ta dai riƙe bakinta. Ta ce wallahi ta ɗauka bishiyar bushewa kawai za ta yi.

Insifekta da Sajan Nazifi sun tarar da ƙofar gidan Alhaji a buɗe. An jera bulo a cikin gida har kusan tsayin katanga. A waje, daf da ramin bishiyar, Isa birkila ya ja igiya, leburori sun fara haƙa harsashi, Alhaji na tsaye a kansu.

Insifekta ya nuna wa Isa karyayyen ƙarfen a tafin hannunsa. Isa ya ce bai taɓa ganinsa ba. Sajan Nazifi ya zazzage buhun kayan aikinsa a ƙasa. Cikin tarkacen ƙusoshi akwai wani dogon bakin injin huda da ya karye a tsakiya. Aka haɗa su, suka zauna daram.

Isa ya dubi Alhaji, ya ce shi aiki aka sa shi.

Alhaji Ashiru bai musa ba. Ya gyara babbar rigarsa.

"Ƙofar gidana ce. Na nemi a bar ni in sare bishiyar, mai unguwa ya hana, maƙwabta suka ce inuwar kowa ce. Wa ya taɓa share min ganyenta? Wa ya gyara min katangar da saiwarta ta fasa? Na ce to ta bushe a tsaye, in ga mai hana ni sare busasshen ice."

"Ka san Ila na zama a ƙarƙashinta kullum?"

"Na ce masa ya tashi."

"Ka gaya masa dalili?"

Alhaji ya kawar da kai. Insifekta ya matsa kusa da shi.

"Da ka ga ana jifan Malam Ja'afaru jiya, kana ina?"

"Ina cikin gidana."

Insifekta ya sanar da shi an kama shi bisa zargin jawo mutuwar Ila, shi da Isa. Sajan ya sa musu ankwa. Mutanen da suka biyo su daga gidan Malam Ja'afaru suka dare, suka ba da hanya.

A bakin mota Alhaji ya tsaya, ya juya ga leburorinsa, ya ce kada su tsaya kallo, su ci gaba da haƙa, kafin magariba zai dawo.

Ba wanda ya sunkuya. Babban cikinsu, wani Bazamfare mai furfura, ya jingine digarsa da katanga, ya karkaɗe hannunsa, ya fita daga ramin. Sauran suka bi shi.

Insifekta Rilwanu ya rufe ƙofar motar, ya ce wa direba su tafi.