Agogon Obiora

Rana ta yi ja a kan katangun Yakasai, ladan bai kira magariba ba tukuna. Mardiya na tsakar gida tana surfen gero, agoguna jere a hannuwanta kamar awarwaro. Mahaifinta, Alhaji Jafaru mai fataucin fata, yana kan buzu a bakin turakarsa yana kallonta cike da jin daɗi. Sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryar gero ya fasa ta. Alhaji ya zagi yaran maƙwabta, ya sa hannu ya ɗauki dutsen, ya yi maza ya yar. Zafi ne da shi kamar daga murhu aka ciro shi.

Shi Alhaji agogo ne ciwonsa. Ba kowane iri ba, siraran nan na shiga taro, masu farar fuska da maɗaurin fatar kada, waɗanda ba a wana su, motsin hannu kaɗai suke ci su rayu. In aka ajiye su kwana biyu sai su mutu. Adaka guda ya cika da su, ga shi hannu biyu Allah ya ba shi. Shi ne ya ƙirƙiro dabara: kullum da yamma ya ɗaura wa Mardiya su ta yi daka. Matarsa Uwani ta sha ce masa daka da almuru ba kyau. Sai ya ce a bari ta ƙarasa, ai saura kaɗan.

Cikin waɗanda ke hannunta na dama ranar nan har da abin ƙaunarsa. Na Obiora ne, mutumin Gabas mai gyaran agogo a Sabon Gari, wanda ya shekara da shekaru yana wanke wa Alhaji agogunansa. Alhaji ya taya agogon har ya gaji, Obiora ya ce na ubansa ne, ba na sayarwa ba. Bayan kashe-kashen da aka yi a Sabon Gari, kafin yaƙi ya ɓarke, wani dillali ya kawo shi zaure a ƙulle cikin tsumma. Alhaji ya gane shi tun daga nesa. Ya ga maɗaurin ya bushe da wani baƙin abu, ya sa aka canza, bai tambayi komai ba. Ni dai a ganina, rashin tambayar nan ya fi jifan muni.

Jifa ya zama na kullum. Da rana ta sunkuya sai duwatsu su yi ta zuba, suna fasa tukwane, har ɗaya ya tsaga wa akuya kai. Alhaji ya kwance agogon ya sa a ƙasan adaka, yana jira ya mutu. Sauran duk suka tsaya, shi kuwa ya ƙi.

Daga nan abin ya koma kan yarinya. Da almuru ya yi, hannunta na dama sai ya tashi da kansa, ya ɗaga ya sauka kamar mai daka, ba taɓarya ba turmi. Bango take duka har fata ta saɓule, jini ya yi zane a jikin ginin. Uwani ta kama ta, hannun ya make ta a baki, haƙoran Uwani na gaba suka zube a ƙasa.

"Inna, ba ni ba ce," Mardiya ke faɗa tana kuka. "Ku riƙe shi, don Allah ku riƙe shi!"

Alhaji ya tafi Madabo da kansa ya ɗauko Malam Isiyaku, tsoho siriri wanda ya yi suna wajen mu'amala da mutanen ɓoye. Malam ya sa aka ɗaure hannun da igiya a jikin turmi, ya zuba habbatussauda a garwashi, ya zauna yana karatu a hankali. Da inuwa ta cinye tsakar gida, sai Mardiya ta ɗago kai, murya ta fito daga bakinta, kakkaura, ta tsohon namiji.

"Rage hayaƙin nan, Malam. Ba da kai nake ba."

"Wane ne kai, me kake nema a gidan Musulmi?"

"A tsamiyar bakin shagon Obiora nake. Kullum yakan share gindinta, bai taɓa watsa mini ruwan zafi ba. Ina kallo suka zo da adduna. Maɗaurin ya ƙi kwancewa, suka sare hannun. Hannu aka raba da agogon nan, hannu nake bi."

"Yarinyar nan ba ta sari kowa ba."

"Ita ta ciyar da agogon."

Malam ya yi tayin rago, muryar ta yi tsaki. Ya ƙara karatu, jikin yarinya ya yi ta karkarwa, igiya na cin namanta. Can dai aka daidaita: Alhaji ya daka agogon a turmi da hannunsa kafin ladan ya gama kiran magariba, shi kuma mai muryar ya bar wa yarinya hannunta.

Alhaji ya shiga turaka ya buɗe adaka. Ya kara agogon a kunne, ya ji bugun nan mai laushi, zuciyarsa ta karye. Akwai wani a gefe mai kama da shi, fuska ɗaya, girma ɗaya, in ba gwani ba babu mai rarrabewa. Malam bai san agogo ba, Uwani ma haka. Ya zura na Obiora a aljihu, ya fito da ɗayan. Wallahi yana son 'yarsa, amma haka ya yi.

Ladan ya ɗaga murya. Alhaji ya jefa agogo a turmi ya sauke taɓarya, gilashi ya tarwatse. Sai Mardiya ta ƙyalƙyale da dariyar da ba tata ba.

"Ni za ka yi wa wayo? Ga shi can yana bugawa a aljihunka."

Igiya ta tsinke. Hannun ya tashi sama ya sauka a bakin turmi, ya sake tashi ya sake sauka, ƙashi na ƙara kamar ana karya kara. Uwani ta yanke jiki ta faɗi. Alhaji ya fizgo agogon gaskiya yana ihu, ya jefa shi ciki ya yi ta daka, har taɓarya ta tsage.

"Hannu na zo nema, na samu," in ji muryar. "Agogon kuma kai ka ga dama ka fasa."

Mardiya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a jikin Malam. Tsohon ya dubi aljihun Alhaji, ya dubi fuskarsa, ya naɗe buzunsa ya fita ba sallama.

Jifa ya tsaya tun daga ranar. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma hannun ya shanye, ya lanƙwashe a ƙirjinta. Ba ta taɓa tambayar mahaifinta komai ba, kuma har yanzu ita ke kai ruwa zaure in an yi baƙi. Wani baƙon da bai sani ba yakan ɓata fuska ya ce, "Ke, wa ya koya miki miƙa wa manya abu da hagu?"

Ita sai ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Alhaji ne yake tashi ya bar zauren.